Takalma Huɗu a Jakar Mahamadou

Mahamadou mutumin Maraɗi ne, shekara goma sha ɗaya yana sayar da lema a bakin titin Fordham Road, teburinsa na jikin nawa. Ni Inusah hula da safa nake sayarwa, kuma ban iya ganin abu in kau da kai ba. Shi ke jan mu sallar Azahar da La'asar a ɗakin ajiyar kaya na wani shago, mu goma, don duk ya fi mu karatu. Ba shi da abin taƙama a garin nan da ya wuce wannan limancin.

A 2016 ya fara abin da ya ɗaure mini kai. Kowa ya san ranar ruwa ita ce kasuwar mai lema. Amma da hadari ya haɗo sai ya ce in duba masa tebur, ya ɗauki wata baƙar jaka ya faɗa jirgin ƙasa. Bayan awa biyu ya dawo cikin wasu tufafi daban, yana ƙanshin sabulu. Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana ya tafi alwala, na zuge jakar. Ga 'yar rigar ruwa rawaya, ga tawul, ga ƙananan takalman roba guda huɗu. Shi da matarsa Mariama ba su taɓa haihuwa ba, don haka na yanke hukunci: tagwaye ne ya ɓoye a wani gida. Riga ɗaya ga yara biyu ba ta dame ni ba. Mutum ɗaya na faɗa wa, wai a asirce. Kafin mako ya zagayo sahu ya koma mutum uku, sauran kowa ya sami uzuri.

Ranar wata Talata ruwa ya sauko, na rufe teburan da leda na bi Mahamadou har unguwar Harlem. Ya shiga wani bene, ya fito da ƙaramin kare sanye da rigar nan, ƙafa huɗu cikin takalma huɗu. Shi kuma ya sa safar hannu da doguwar rigar leda, ya naɗe igiyar karen ta zama gajera. Yana kauce wa kududdufi, yana janye karen daga murafen ƙarfe na titi, in mota ta watso ruwa ya tare da lema. Da suka dawo bakin ƙofa ya durƙusa yana goge masa jiki da tawul. A nan ya gan ni.

"Mi kake biɗa nan, Inusah?"

"Kare, Malam?"

"Bon, ka gani. Na tsohuwar da ta ba ni ɗaki ne sanda na zo ƙasar ga ban san kowa ba. Bara ta zame cikin ruwa, ƙugu ya karye. In da rana tana iya hita da shi da sanda, in ruwa ne sai ni. Ina wanka, ina sake tuhwahi kahin in tsaya gabanku."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce limaminku na jan kare? Wa za ya bi ni?" Ya ninke tawul ɗin. "Yanzu ma an bar bi na, ban san laihin da na yi ba."

Ni na sani, kunya kuwa ta kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Washegari kafin La'asar na tara mutane a gabansa, na ce tagwayen nan babu su, bakina ne ya haife su. Aka tambaye ni to ina yake zuwa. Na ce zumunci yake yi, ban ƙara komai ba. Mutum bakwai suka tsaya a sahu. Mahamadou bai dube ni ba, ya ta da kabbara.

Har yau muna gaisawa, ina kuma bin sa salla. Amma in hadari ya haɗo, shi ke rufe teburinsa da leda ya ɗora bulo a kai. Bai sake cewa in duba masa ba.