Tassar da nig gina baibai a gonar Illa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Illa, tobashina, ɗan Gwaggo Hajo ta Barmu, kuma har yau ina jin haushi nai, don ya tahi da zagin ƙarshe a hannu. Ran nan ya dube ni bisa moto, wato babur, yac ce in da surutu noma ne, da ni ɗaya na cida Adar duka har da baƙi. Nic ce shi jira in kai fasinja in dawo da amsa. Sati bai cika ba anka kira ni jana'iza. Allah shi jiƙan shi.

Ga wanda bai san mu ba, Illa manomi ne, ni kuwa ɗan kabu-kabu, shekara ashirin ina yanka titunan Tawa. Akwai gonar kakanmu can bayan Barmu, hwako ce, ƙasa ta ƙeƙashe kamar kwalta, ko akuya ta biyo ta wurin kau da kai taka yi. Illa yac ce shi za shi tada ta da tassa. Wato ka gina ɗan rame, ka zuba taki cikin tahin hannu biyu, in ruwa ya zo shi tsaya ciki, gara ta huda ƙasa, hatsi shi samu wurin kama rai. Ya kai rabin gonar ajali yac cim mishi.

Ban taɓa jin ya ce za shi gyara gonar duka ba. Da sahe sai shi ɗauki dutse shi jehwa gaba, inda yah hwaɗi nan niyyar ranar tat tsaya. In ya gina har wurin dutsen sai shi aje diga, ko da rana ba ta yi zahi ba. Ni ina mishi dariya, ina ce mishi mai jihwar tsohuwa. Ni ai niyyata ba ta wasa ba ce. Duk azumi sai in bar taba, in gina bene, in tahi Makka, duka a zama guda wurin mai shayi. Ba wadda tat taɓa ganin goro na salla.

Bara bayana yaƙ ƙi. Likita yac ce in nic ci gaba da hawan moto, wata rana a tabarma za a kawo ni. Nis saida moto, niz zamna gida wata ukku, ina hwaɗa da kaji, ina gyara ma uwargida gishirin miya har tah hwara yi min addu'ar samun aiki a Agadas. Mutum shekara hamsin ba ɗaya, bai san mi za shi zama ba. Wannan ban iya maida shi wasa ba.

Sai Gwaggo ta aiko. In ruwan hwarko ya sauka ba a gina sauran gonar ba, za ta ba maƙwabci aro. Kowa ya san gonar aro a ƙasarmu: shekara goma, ɗiyan mai aro sun hwara ce mata gado. Illa kuwa ɗiya mata biyu yab bari, suna lakwal, makarantar boko, kuma ban da gonar ga ba su da komi na uba.

Nit tahi Barmu da diga sabuwa, nig gaya ma duk wanda nig gamu da shi cewa kwana ukku na gama. Nig gina kamar ana bi na da bulala. Ran na ukku Gwaggo taz zo da hura, tat tsaya tana kallon ramukkana. Can tac ce:

“Ɗan nan, ruwan bana daga gangare za shi hau tudu?”

Ashe ƙasar da ka hidda daga rame wajen gangare aka tara ta, ta tare ruwa shi koma ciki. Ni kuwa wajen tudu nit tara ta. Kowane rame na yi mishi katanga don kada ko ɗigo shi shiga. Aikin kwana ukku, baibai. Nid duƙa in gyara na hwarko, baya yar riƙe. Nik kwanta gindin gawo kamar buhun da yah hwaɗo daga babbar motar kamiyo, nic ce ma Gwaggo ta kira maƙwabcin kawai, ni ba ni iyawa.

Ba ta yi min hwaɗa ba. Ta dama hura, ta miƙo min, tac ce: “Ni ban ce a gama ta bana ba. So nika in leƙo in ga mutum cikinta.”

Kwana biyu ina kwance. Ran da nit tashi, nid duba hagu da dama ba kowa, niɗ ɗauki dutse nij jehwa. Wallahi inda yah hwaɗi ko ɗan tsako ya hi haka jihwa. Nic ce to, bisimilla, yau nan. Nik kai wurin, ni aje diga, nik koma inuwa. Wanshekare haka.

Ina tambayar kaina mi Illa za shi ce in ya leƙo yau. Na san sai ya yi dariya har hula ta hwaɗi, shi ce ashe bayana ya hi kaina hankali. Za shi yi mamakin samari da ka tambayar waya yaushe ruwa za shi zo, ga hadari bisa kansu. Amma ina jin daga baya za shi bi ramukkan ɗaya ɗaya shina duba wajen da ƙasa take, kamar yadda uwa tai tay yi.

Bai bar gidan siminti ba, hoto nai ma guda ne, kuma ido ruhe. Abin da yab bari rabin gona ce mai ba da hatsi, da wata hanya ta ɗaukar niyya daidai ƙarhin mutum, wadda ni sai da nig gurgunce nig gane ta. Taba ma yanzu ba na ce na bar ta ba, ta sahe kaɗai nib bari, yau wata biyu.

Ban gama gonar ba, kuma ba ni gama ta bana. Hadari ya hwara haɗuwa gabas. Jiya Gwaggo ta aika ma maƙwabci shi yi haƙuri, gona da mai ita. Yat tambaya wane ne. Tac ce wani gurgu ne daga Tawa, baki gare shi kamar rediyo, amma kullum shina zuwa.