Kekena da Bencin Tela

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sauƙaƙa wa bayinsa hanya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Shekarun baya, lokacin da acaɓa ta cika garin Jos, ina da wani tsohon keke da nake hawa daga gidana a Laranto zuwa inda nake ba da karatu. A hanyar akwai tudu mai tsawo wanda ban taɓa gama shi a kan sirdi ba. Kullum a tsakiyarsa nake sauka, daidai shagon wani aminina tela wanda ya girme ni, idonsa kuma ya yi rauni har ya bar wa 'ya'yansa ɗinki. Sai in jingine keken, in zauna a bencinsa, in karanta masa abin da ya sawwaƙa daga littafin fiƙihun da ke jakata. Karatun da ya rage masa ke nan.

Da gwiwoyina suka fara ciwo, babban ɗana ya kai keken wajen mai gyara a Farin Gada. Aka cire faifan haƙoran baya, aka sa mai hawa biyar, aka buɗa ƙarfen keken kaɗan don ƙafar baya ta zauna, aka sauya sarƙa. Mai gyaran ya ce, "Baba, in ka zo tudu ka mayar da sarƙar kan babban faifai. Amma kada ka tsaya a tsakiya, tashi a kan hawa wuya gare shi."

Na riƙe maganarsa kamar nassi. Washegari na haye har sama, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, jelar rawani na kaɗawa, ina jin kaina saurayi. Da na zo shagon sai na ɗaga hannu na wuce. Haka na yi ta yi kwana da kwanaki, na manta cewa wanda nake ɗaga wa hannun ba ya ganinsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, telan ya ji muryata, ya kamo hannun rigata.

"Malam, ashe kana gari? Har na ce a dubo mini ko ka kwanta ne."

"Yaya, ai kullum ina wucewa, ina gaishe ka."

"Da me?"

"Da hannu."

Ya yi murmushi. "To, bango ka gaisar. Ni ƙarar tsohuwar sarƙarka nake saurare, ita ma an raba ni da ita. A babin taimama muka tsaya, har yau ban san abin da ke warware ta ba."

Shekara da shekaru ina lissafa zaman nan cikin zumuncin da nake yi, ashe gajiya ce take sauke ni. Da aka ɗauke gajiyar sai na ga iyakar niyyata.

Tun daga ranar na koma sauka a shagon, da sauran ƙarfina. In mun gama sai in tura keken zuwa sama da ƙafa kamar dā, faifai biyar ɗin suna hutawa. Ɗana ya tambaye ni amfanin gyaran, na ce masa ya yi amfani. Mun sauke littafin kafin Allah Ya karɓi ran aminina.

Allah Ya gafarta masa, Ya gyara niyyoyinmu, Ya sa albarka a gare ka mai karatu, kai da iyalinka baki ɗaya. Amin.