Mun Je Ɗauko Ƙanwata Ta Haihu a Birni

Mun tashi daga Kaduna da asuba, ni da mahaifiyata, da niyyar ɗauko ƙanwata daga ƙauyen mijinta da ke bayan Gidan Waya. Cikinta ya tsufa, Mama kuwa ta rantse ba za ta haihu a ƙauye ba.

Hanyar Kachia da dama-dama, sai dai ramukan da direba ke gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya. A Zonkwa muka karya da ƙosai mai zafi. Doya ta fi ta Kaduna araha nesa ba kusa ba, amma Mama, wadda ba ta wuce kasuwa ba ta taya ba, ko kallonta ba ta yi ba. Na san dalili. A yankin nan ta yi cikin fari. Naƙuda ta yi gardama, aka ɗauko ta a bayan motar citta zuwa Kafanchan, kafin su isa ɗan ya rasu a cikinta.

Daga Kafanchan muka hau babur. Ba mu tarar da ƙanwata a gida ba, wai ranar awo ce. Muka bi ta ɗakin shan maganin ƙauyen: gini ne mai ɗaki uku, da sola a kan rufi. Mata sun cika benci, ana auna jarirai a sikeli, waɗanda aka yi wa rigakafi suna ta kai ƙarar nas wurin iyayensu.

Mama ta tsare nas ɗin da tambaya: "In haihuwa ta zo da matsala fa, 'yata?"

"Mama, zauna tukun," in ji ta. "Ba mu da likita, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun daga awo muke gane mai matsala, mu tura ta Kafanchan da wuri. Ƙungiyar zumuntar matan ƙauyen kuma sun tsayar da direba, ko ana ruwa zai fito."

Ta nuna mana ɗakin haihuwa, gado biyu, tsaf. Wata tsohuwar ungozoma na zaune a bakin ƙofa. Yanzu aikinta rako mata ne, ta riƙe musu hannu. Mama ta daɗe tana shafa katifar gadon.

Da muka koma gida tare da ƙanwata aka kawo paten acca. Ƙanwata ta ce a hankali, "Mama, a nan nake so in haihu. Sun san ni."

Mama ta ajiye cokali. "To, a share mini ɗaki."

Washegari na dawo Kaduna ni kaɗai, ina tunanin yadda muka ɗauka yankin na nan yadda Mama ta baro shi. Akwai sauran aiki, musamman hanya, amma yanzu akwai mai duba mace tun kafin ranar haihuwa.

Makon jiya Mama ta kira, ƙanwata ta haihu. Mace ce, lafiya lau, Mama ce ta fara karɓarta daga hannun nas.