Atishawa a Jirgin Legas

Yaya Rabi, wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu gabana faɗuwa yake. Kin san jibi zan tafi Legas wajen ƙanwarmu Maryam da bakwainin da ta haifa.

Gani na yi ina cikin jirgi, amma babu kujeru, tabarmi aka shimfiɗa, an zauna kafaɗa da kafaɗa. Kowa da takunkumi a fuska ban da ni. Ma'aikaciyar jirgin na rabawa a faranti, tana zuwa kaina ya ƙare. Na ce, "Baiwar Allah, ni fa?" Ko kallona ba ta yi ba.

Sai atishawa ta taso min. Na danne, na cusa hancina a gwiwar hannu, duk da haka ta ƙwace. Abin da ya fito kuwa kiyashi ne, baƙaƙe, suka zubo kan tafukana, suka bi tabarma. Wani tsoho kusa da ni yana jan carbi, suka haye rigarsa. Ya fara tari, na bayansa ya karɓa, tari ya yi ta tafiya har ƙarshen jirgin. 

Sai kawai na ji muryar marigayi Baba daga lasifika, a hankali, kamar yadda yake tashinmu sallar asuba: "Mai mura ya sauka." Na ce, "Baba, a sama fa muke." 

Na ruga banɗaki in wanke hannu. Ina tura ƙofar sai ga ni a ɗakin Maryam. Ta rame, tana murmushi, tana miƙo min jaririn cikin zani. Na ɓoye hannuwana a baya. Ta ce, "Yaya, karɓe shi mana, na gaji." Ina ta ja da baya, tana ta matsowa, har na jingina da bango. Ina kallo ta fara sakin zanin.

A nan na farka. Wallahi Yaya, hancina a toshe, maƙogwarona na ƙaiƙayi, alhali lafiya ƙalau na kwanta.

Maryam ba ta da kowa a Legas sai mijinta, shi kuma aiki yake wuni. Gargaɗi ne aka yi min in dakata, ko kuwa tsoro ne kawai? In na kira ta yanzu, me zan ce mata?