Muryar Ladidi Mai Ƙuli-ƙuli

A kasuwar Dakoro Ladidi ta tsufa tana sayar da ƙuli-ƙuli, muryarta har tasha ake jin ta. Ba ta taɓa kiran sunan Almu ba, saboda kunyar ɗan fari. Ko da ƙishirwa ta kashe shi a hanyar Libiya, ba wanda ya ga hawayenta, kowa sai yaba haƙurinta yake. Amma barci ya ƙaurace mata, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta.

Ƙanwarta ta ja ta gidan likita. Wata matashiyar ma'aikaciya ta ajiye salula a tebur ta ce, "Inna, wannan daga murya take gane ciwon damuwa. Ki yi mata magana."

Ta buɗe cikinta gaban sa'ar ɗanta? Ladidi ta gyara zama, ta ɗauko muryar kasuwa, ta yi raha har da dariya.

Salula ta nuna lafiya lau. Ƙanwar ta yi hamdala.

Ladidi ta koma gida ta kwashe tuwo. Ta zuba na Almu a kwanonsa, ta rufe, ta zauna tana kallon ƙofa.