Ranar da na roƙi kaffara

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Dakoro, ba zan manta shekarar da yayata ta faɗo daga amalanken jaki ta karye a cinya ba.

Tun ranar gidanmu ya koma nata. Dangi daga Ajekoriya da Mai Yara suka yi ta zuwa dubiya, wannan da nono, wancan da cuku da dabino, duk a jibge gabanta. Inna da ke yi mini kitso ta bar kaina a tsefe. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce wanke kwanonin baƙi, ba mai tambayar ko na ci abinci. In na ji ana lallashinta sai in tashi in bar wurin.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa kalma ɗaya ce. Duk wanda ya shiga ɗakin sai ya ce, "Sannu, Allah shi sa kaffara ce." A wautata na ɗauka kaffara wata babbar kyauta ce da za a ba ta in ta tashi, ƙila tunkiya, ƙila zane sabo.

Wata rana da hantsi, tsakar gida cike da mata, na dire tulu na ce, "Kullum ita kaɗai ake roƙa wa kaffara! Ni ba ɗiyar gidan nan ba ce? Allah, ni ma ka ba ni!"

Inna ta yi salati ta toshe mini baki. Kakarmu ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, daidai lokacin mai ɗori yana kwance karan da ya ɗaure ƙafar da shi. Ya ja ƙafar, yayata ta ƙwala ihun da har yau nake ji.

"Ga abin da kike roƙo," in ji kaka. "Kaffara abin da ke kankare zunubi ne. Wanda ya karya rantsuwa yakan ciyar da miskinai ko ya yi azumi. Mai ciwo kuma, ana roƙon Allah shi wanke shi da wahalar da ya sha. Ba a neman ta, jikalle, lafiya ake nema."

Yayata ta dube ni, fuska duk hawaye, ta ce, "Kwashe dabinon duka. Kullum ina jin ki kina fita karatu lakwal da gudu, sai in ji kamar in fizge ƙafarki."

Ashe ita ma kishina take yi. Ta warke, amma da ɗingishi, kuma ba ta koma makaranta ba.

Abin da na koya ke nan: kafin in yi kishin abin da ke hannun wani, in fara tambayar abin da ya sha kafin ya same shi.