Lahadin da Dabbobi Suka Zo Coci

Cocinmu na Tawa ƙarami ne. Ko ranar da kowa ya zo, har da jarirai da waɗanda ba a ganinsu sai Kirsimeti, da kyar muke cika bencina. Yawancinmu ƴaƴan baƙi ne da aiki ya kawo nan yankin Adar: malaman makaranta, makanikai, masu kitso, ma'aikatan asibiti. Ni a nan aka haife ni, a nan nake koyarwa a firamare, kuma ni da mahaifiyata muke zaune tun rasuwar babana. Inna ta zo garin nan tana amarya daga can kudu, bakin teku, ta zauna har Hausarta ta fi ta wasu ƴan gari kaifi, musamman in faɗa ya tashi.

A shekarar da nake ba da labari, Bishop ya aiko da saƙo cewa an keɓe shekara guda don girmama wani waliyyi ɗan ƙasar Italiya. Limamin cocinmu, wanda muke kira Momper kamar yadda ake kiran kowane fada a nan, shi ya yi mana bayani bayan addu'ar Lahadi. Saurayi ne, bai daɗe da zuwa ba, Hausarsa ta littafi ce, tsaf-tsaf, irin wadda in ya gai da mai tumatir a kasuwa sai ta gyara zama. Ya ce waliyyin ɗan attajiri ne mai sayar da yadi, ya tuɓe kayan alfarmarsa ya mayar wa ubansa, ya rungumi talauci, ya yi jinyar kutare. Ya ce yana kiran tsuntsaye da namun daji ƴan'uwansa, har da kerkeci, wanda Momper ya fassara mana da kura don mu gane.

Inna ta karkato, ta raɗa mini da irin raɗarta da ake ji har benci na uku: "Bawan Allah nan dai bai taɓa kiwon awaki ba."

Aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki saboda ina cikin ƴan waƙa. Abu na farko da mata suka tsayar shi ne a yo anko mai hoton waliyyin. Na ce musu mutumin fa yadi ya guda, mu kuma za mu buga fuskarsa a yadi. Shugabar mata ta dube ni ta ce in ba na so, in zo da buhu a jikina, ba wanda zai hana ni. Aka yo ankon, ruwan ƙasa da ratsin zinariya, kuma gaskiya ya yi kyau. Ni ma na ɗinka riga da zane har da kallabi.

Ba iyakar abin da muka yi ke nan ba. Akwai wata addu'ar neman zaman lafiya da muke yi a ƙarshen kowace sujada, har yara suka haddace ta. Muka riƙa kai abinci asibiti da gidan kaso. Momper ya gaya mana cewa waliyyin ya taɓa zuwa wajen wani sarki Musulmi a lokacin yaƙi, ba takobi ba sanda, suka zauna suka yi magana, suka rabu da mutunci. Don haka, in ji shi, kowa ya ɗaure ya ziyarci maƙwabcinsa Musulmi a shekarar nan. Mutane suka yi ta duban juna, don ban da maƙwabci Musulmi ba mu da wani maƙwabci. Inna ta ce ita in za a ba da lada a kan wannan, to a tara mata na baya, don rariyarta ma yanzu haka tana gidan Malam.

Malam shi ne maƙwabcinmu na jikin katanga, mutumin ƙauyen Bambai, dillalin dabbobi. Tare da ƴaƴansa na tashi. Da salla su aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika musu da shinkafa, sauran shekara kuma shi da Inna su yi ta gardama a kan akuyarta da ke haura katanga tana cin harawarsa.

Da kaka ta yi, an fara yankan gero, sai Momper ya sanar da abin da ya fi ɗokinsa a duk shekarar. Ya ce ranar idin waliyyin, a ƙasashe da yawa, mutane kan kawo dabbobinsu a sa musu albarka, mu ma za mu yi a Lahadi mai zuwa. Daga baya ya gaya mini cewa a inda ya yi karatu, abin da ya gani shi ne tsofaffi riƙe da kyanwa da ƙananan karnuka, wani da aku a keji. Abin da ya sa rai zai gani ke nan.

Da muka koma gida Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta san jama'ar cocinmu sarai: masu gidan haya ne, ba garke ba turke. In an tattara, ƴan kaji ne da zabi, sai awakinta. Ta ce ba za a yi abin kunya ba, yaron nan ya fito da ruwan albarka ya tarar da fili wayam. Ta ja mayafi ta zaga gidan Malam, ni kuma na bi ta don in ji.

"Malam, aro niz zo."

"Bismilla, Inna. Turmi ko tukunya?"

"Tumaki."

Ya ajiye butar da ke hannunsa. "Aron tumaki? Mi za ki yi da su?"

"Coci za ni kai su a yi musu addu'a, in maido maka kahin rana ta take."

Malam ya shafa gemu ya ce, "To in sun komo, Inna, za su gane ni kuwa?"

"Tunkiya ba ta san kowa ba sai mai dussa. Ka ba ni ko in tahi gaba?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ta kwashe, addu'ar alheri ba ta ɓata dabba, amma a sa musu ido, don akwai wadda an riga an yi cinikinta.

Abin da duk kwamitinmu ya manta, mu da aka haifa a garin, shi ne Lahadi ranar kasuwar Tawa ce, kuma hanyar da ke wucewa ta ƙofar cocinmu ita masu dabbobi daga ƙauyukan arewa suke bi. Da safe ni da Inna muka koro awakinmu da tumakin Malam, mu biyu cikin anko. Ƙofa a buɗe, an share fili, an kafa tebur da farin ƙyalle, a kai ga bokiti da ruwa. Momper yana tsaye cikin doguwar farar riga.

Wani mutum da ke tafe da tumakinsa ya tsaya a bakin hanya ya leƙa. Ya ga dabbobi suna shiga, ya ga tebur, ya ga mai farar riga. Ya juya ya ƙwala wa na bayansa kira cewa likitan dabbobi ya zo, ana rigakafi. Kafin mu gama waƙar farko, filin coci ya cika. Tumaki, awaki, jakuna da kayansu a baya, wata saniya da ɗan maraƙinta. Wani dattijo mai rawani har hanci ya jawo raƙumi, raƙumin ya duba ƙofa ya ga ba ta yi masa ba, ya tsaya daga waje ya ɗora wuyansa bisa katanga yana kallonmu.

Ban taɓa ganin farin ciki irin na fuskar Momper ba. Ya ɗauka labarin waliyyin ne ya zaga gari. Ya ɗaga hannu ya yi wa jama'a maraba, ya fara wa'azi a kan yadda duk halitta ƴan'uwan juna ne. Bai yi nisa ba wani jaki ya amsa masa, sauran jakuna suka ɗauka. Mai buga mana ganga ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Shugabar mata tana fama da wani bunsuru da ya kama gefen zanenta, daidai wajen fuskar waliyyin, tana dukansa da littafin waƙa tana cewa, "Saki, ɗan'uwa, saki!"

Momper ya taƙaita wa'azin, ya ɗauki bokiti ya shiga cikin dabbobi yana yayyafa musu ruwa. Makiyaya suka yi layi yadda suka saba, kowa ya riƙe dabbarsa ya juya masa cinyarta. Ya yayyafa, ya wuce. Ya yayyafa, ya wuce. Wani mutumin Barmu ya bi shi da kallo, sannan ya ce:

"Likita, wankan mun gani. Ina allurar?"

Momper ya tsaya da bokiti a hannu. Ya dube ni, ni kuma na dubi Inna, don ita ta jawo tumakin farko. Inna ta gyara ɗaurin kallabi ta shiga tsakiya.

"Ku saurara, bayin Allah. Wanga ba likita ba ne, malaminmu na na coci. Addu'a mukai ma dabbobi, Allah shi tsare su, shi sa su yi yawa. Babu allura. Wanda ka so shi tsaya, wanda ba ya so ga ƙofa, kuma ku gafarce mu da ɓata muku lokaci."

Wuri ya yi tsit, ban da jakuna. Ban san yadda za a ɗauki abin ba. Sai mutumin Barmu ya fashe da dariya, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin likitan da ya fara da waƙa ba, ya kamata ya gane. Dariya ta bazu. Wasu suka kora dabbobinsu suka fita suna girgiza kai, wani ma ya fita yana gunaguni, bai waiwayo ba. Wasu suka ce tunda an riga an jiƙa rabin garke, a ƙarasa. Momper ya yi ta ba da haƙuri da Hausarsa ta littafi, gumi yana zuba, suna ce masa ba komai, Malam.

Dattijon nan mai raƙumi, mutumin Takanamat ne, shi ya fita a ƙarshe. Cikin dabbobinsa akwai wani ɗan rago ramamme mai ɗingishi, wanda tafiya ta gajiyar. Ya kamo shi ya miƙa wa Momper igiyar. Da Hausarsa mai gauraye da Tamashek ya ce wannan ba zai kai kasuwa ba, in ya kai ma ba mai tayawa, tunda malamin coci na son dabbobi haka, ga shi ya riƙe. Bai jira godiya ba ya ja raƙuminsa.

Muka mayar wa Malam tumakinsa cif. Ya zagaya su yana dubawa, ya ce ya ga kamar sun ƙara ladabi.

Ragon ya kwana a gidan Momper, ya ci labulen taga da rabin tabarma. Washegari da hantsi sai ga Momper a ƙofarmu, yana jan igiya, igiya tana jansa. Ya ce, "Mama, ki taimake ni." Inna ta karɓa, ta duba ƙafar, ta cire wata ƙaya da ta yi ruwa a kofato, ta ɗaure shi a turke kusa da awakinta. Dussa, harawa, ƙaiƙayi da kanwa, ba abin da ba ta ba shi ba. Malam yakan leƙo ta katanga ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Momper kuwa kusan kullum da la'asar sai ya biyo, ya tsuguna yana sosa wa ragon tsakanin ƙaho, yana kiransa ɗan'uwa. Kafin sanyi ya shigo sosai, ɗan'uwa ya yi wuya, ya yi gindi, yana tafiya yana rangaji.

Da rufe shekarar ya matso, kwamiti ya zauna a kan abincin biki. Ba wanda ya fara ambaton ragon, amma kowa shi yake tunani. Wani makanike ya yi gyaran murya ya ce, ai cocin nan yana da dukiya a gidan Inna. Momper ya ce ba zai yiwu ba, dabbar da aka sa wa albarka, a shekarar waliyyin da ke kiran dabbobi ƴan'uwa? Shugabar mata ta ce kajin da aka sa wa albarka ranar nan fa, tuni an cinye su, ba abin da ya faru. Aka yi ta ja. Wani malamin sakandare ya kawo hujjoji daga Littafi Mai Tsarki, na ci da na bari, har ya rikita kansa. Inna ba ƴar kwamiti ba ce, ta zo kawo mini makulli ne, ta tsaya a bakin ƙofa tana ji.

Ta ce, "Momper, yaushe shekarar ka ƙarewa?"

Ya ce ranar Asabar, da sujadar yamma.

"To a yi bikin Lahadi."

Haka aka yi. Ranar Asabar muka yi sujadar rufewa cikin anko, muka yi addu'ar zaman lafiya, wasu tsofaffi har da hawaye. Da safiyar Lahadi Malam ya shigo gidanmu da wuƙarsa, don tun zamanin babana shi ke yi mana yanka, saboda duk unguwa ta iya ci. Momper bai zo wajen ba. Aka dafa shinkafa a manyan tukwane, aka aika gida-gida, aka kai asibiti, sauran muka zauna a filin coci muka ci.

Momper ya ce a zuba masa shinkafa da miya kawai. Ya zauna a gefe yana ci a hankali, fuska a sunkuye. Inna ta bar shi ya kai rabi, sannan ta taso da ɗan kwano, ta ajiye masa gasasshiyar hanta da yaji a gabansa, ta koma wajenta ba ta dube shi ba. Ya daɗe yana kallon kwanon. Malam, da ke zaune kusa da shi, ya ce, "Ci, Malam, tana hucewa." Momper ya ɗauki yanka ɗaya. Da na zo kwashe kwanuka na tarar ya cinye, yana tambayar Malam yadda ake gane rago mai lafiya a kasuwa.